AMSAR WASIƘUNKU: Bishiyar Kirsimeti Wadda Ake Ci

  

A wannan mako wasiƙu biyu muka ware, domin ko da yake daga wurare dabam-dabam suka fito, maganarsu ɗaya ce. Ta farko ta fito ne daga hannun wani ɗalibi mai sauraronmu a Damagaram. Ya ce shi dai a kowace ƙarshen shekara yakan ga Turawa a talabijin sun kafa bishiya a tsakiyar ɗaki sun rataya mata kayan ƙyale-ƙyale, har da alawa. Shin mene ne asalin wannan al'ada, kuma me ya haɗa bishiya da kayan zaƙi?

Ta biyu kuwa daga Jos take, daga wata baiwar Allah da ta roƙe mu mu sakaya sunanta. Ga abin da ta ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni sana'ata suyar cincin da yin tuwon madara da kek na biki, da ita nake riƙe da 'ya'yana huɗu tun rasuwar maigidana. Wata mai saye a wurina ta nuna mini hoton wata 'yar bishiya a wayarta, an gina ta da alawa da cakulan tun daga gindi har sama, ta ce in yi mata irinta za ta ajiye a tsakiyar tebur ran Kirsimeti, surukanta za su zo. Kunya ta hana ni in ce ban taɓa yi ba, na karɓi rabin kuɗi. Na naɗe takardar kalanda, na narka cakulan na riƙa manna ƙwallayen cakulan a jiki, na ajiye a bakin taga domin ta sha iska. Kafin la'asar duk ta zube. Yanzu kusan rabin abin da na karɓa ya tafi, ga lokaci yana ƙurewa. Don Allah ku taimaka mini da yadda ake yi, kada in ji kunya."

To, madalla. Mun gode muku duka biyu, kuma matambayi ai ba ya ɓata. Bari mu fara da kai ɗan'uwa na Damagaram, domin amsarka za ta share wa uwargida ta Jos hanya.

Ita wannan al'ada ta kafa bishiya a ɗaki lokacin Kirsimeti ta samo tushe ne a yankunan masu magana da Jamusanci, musamman lardin Alsas, wanda a yau yake cikin ƙasar Faransa, a bakin iyaka da Jamus. A can in sanyi ya shigo, yawancin itatuwa sukan kaɗe ganye su tsaya tsirara, amma akwai wani irin itace da ake kira fir wanda yake zama kore shar duk shekara. Siffarsa kamar jinkar ɗaki ce, faɗi a ƙasa, tsini a sama. A zamanin da, ran 24 ga watan Disamba, jajibirin Kirsimeti ke nan, akan yi wasan kwaikwayo na labarin Adamu da Hauwa'u, a kafa irin wannan itace a rataya masa tuffa a matsayin itacen gidan Aljanna. Daga dandalin wasa ne itacen ya shiga gidajen mutane.

Akwai rubutattun shaidu. A littafin kuɗi na garin Selesta da ke Alsas, an rubuta cewa a watan Disamba na 1521 an biya masu gadin daji lada domin su sa ido a kan itatuwan, abin da ya nuna tun a lokacin mutane sun fara sara suna kaiwa gida. A birnin Bremen na Jamus kuma, tarihin wata ƙungiyar masu sana'a ya nuna cewa a 1570 an kafa wata 'yar bishiya aka rataya mata tuffa, da 'ya'yan itace masu ɓawo, da dabino, da wani irin gasasshen burodi mai kama da ƙulli, da furannin takarda, domin 'ya'yan 'yan ƙungiyar su tsinka su ci. Ka ji fa, har da dabino. Sa'an nan wani marubuci a birnin Strasbur ya bayyana a 1605 yadda mutanen garin ke kafa itacen a ɗakunansu suna rataya masa furannin takarda masu launi, da tuffa, da siraran biskit, da kayan sukari.

Watau dai tun asali bishiyar Kirsimeti abin ci ne a jikinta. Dalili kuwa shi ne a wancan zamani sukari abu ne mai tsada ƙwarai, daga ƙasashe masu zafi ake kawo shi, talaka bai cika ganinsa ba sai da babban dalili. Sai a 1747 wani masani a birnin Balin mai suna Andreas Marggraf ya gano akwai sukari a cikin wani irin gwaza na ƙasarsu, aka fara kafa masana'antunsa a farkon ƙarni na 19, kana sukari ya yi araha a hankali. Saboda haka yaron da ya ga alawa tana reto a reshe, ya ga abin da yake jira shekara guda.

Daga Jamus al'adar ta haura Ingila ta hanyar auratayyar sarakuna. Sarauniya Charlotte, matar Sarki George na Uku, wadda Bajamushiya ce, ta kafa bishiya a Windsor a 1800 ta tara yara, aka rataya alawa da busasshen inabi a ƙunshin takarda da kayan wasa. Amma abin bai bazu ba sai a 1848, sa'ad da jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert da 'ya'yansu sun kewaye bishiyarsu. A 1850 wata mujallar mata a Amurka ta sake buga zanen, bayan an cire wa sarauniya kambinta, an aske wa yarima gashin baki, domin su yi kama da mutanen Amurka. Ƙwallayen gilashi masu ƙyalli kuwa, a tsakiyar ƙarni na 19 aka fara hura su a garin Lauscha na Jamus, su ne suka maye gurbin tuffa. Duk da haka ba a bar kayan zaƙi ba. A ƙasar Hangari har yau akan rataya wata alawa da ake naɗewa a takarda mai walƙiya, kuma sananniyar dabarar yaran ƙasar ce su zare alawar a ɓoye su mayar da takardar yadda take, sai ranar sauke bishiya iyaye su tarar da fanko. Yaro dai yaro ne ko a ina yake.

To, ɗan'uwa, da fatan ka gamsu. Yanzu sai ke uwargida.

Abin da kika gani a hoto ɗan wancan ne, watau maimakon a rataya alawa a jikin itace, sai a gina itacen kansa da alawar. Shi ma ginin hasumiyar kayan zaƙi tsohon abu ne a Turai. Faransawa suna da wata da suke kira croquembouche, ma'anar sunan kuwa abin da ke ƙaras-ƙaras a baki. Ƙananan ƙwallayen kek ne masu rami a ciki, a cika su da kirim, a jera su sama-sama ana manna su da narkakken sukari, ana kai ta wurin biki da baftisma, kuma ana danganta shahararta da wani gwanin kuku, Antonin Carême, wanda ya rasu a 1833. Mutanen Nowe da Denmak suna da tasu ta zobba, kowane zobe bai kai na ƙasansa faɗi ba, akan jera kamar 18. Amma wadda ta fi kusa da ke ita ce ta mutanen birnin Napoli a Italiya, sunanta struffoli. Kwaɓin fulawa ne da ƙwai, a yanka ƙanana, a soya a mai, a juya a cikin zuma, a tara shi tsibi. Uwargida, in ba cincin ba mene ne wannan? Ashe sana'ar tana hannunki tun tuni.

Bari mu fara da abin da ya ka da taki ta farko, domin kada a maimaita. Kurakurai uku ne. Na ɗaya, cakulan. Man da ke cikin cakulan yana narkewa ne a wajen digiri 34 a ma'aunin santigired, ƙasa da zafin jikin mutum wanda yake digiri 37, shi ya sa yake narkewa a baki. Tun kafin ya kai nan ma ya riga ya saki. Turawan da kika ga hotonsu suna yin tasu ne ƙanƙara na zuba a waje. Jos akwai sanyi da safe, gaskiya ne, amma ranar azahar da ta bugi gilashin taga, ko ta gasa rufin kwano, ta ishi cakulan ya sake. Ke kuwa kin yi gam da cakulan, kin kuma ɗora masa cakulan mai nauyi. Na biyu, takardar kalanda ba ta da ƙwari, da nauyi ya hau ta sai ta lanƙwashe. Na uku, bisa ga yadda kika bayyana, kowace ƙwallo gam ɗin kaɗai ke riƙe da ita. A gini na gaskiya, kowane layi a kan na ƙasansa yake zaune, kamar yadda magini ke jera tubali, gam ɗin aikinsa kawai ya hana zamewa.

Ga hanyoyi biyu, ki zaɓi wadda ta dace da abin da ya rage a hannunki.

Hanya ta farko ita ce mai ƙashi a ciki. Ki nemi kwali mai ɗan kauri amma mai naɗuwa, mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar sabulu ko maganin sauro ba. Ki ɗaura zare a jikin fensir, tsawon zaren santimita 31. Ki danne bakin zaren a kusurwar kwalin, ki ja fensir daga gefe zuwa gefe, zai ba ki rubu'in da'ira. Ki yanke, ki naɗe shi kamar mazurari, bakin nan ya hau bakin can da kamar santimita 4 ko 5, ki ɗaure da salatif ciki da waje. Zai ba ki tsayin santimita 30, faɗin gindi kuma kamar 14. Wannan ya isa tebur, domin in ta fi haka tsawo za ta tare fuskar masu cin abinci, mutum ba ya ganin na gabansa. Sai ki lulluɓe shi da takardar nan mai ƙyalli ta naɗe abinci, wadda ake ce wa foyil, kada abin ci ya taɓa kwali. Ki cika 'yar kwalba da shinkafa ko gero ki rufe, ki tsayar da ita a tsakiyar faranti, ki kifa mazurarin a kanta, ki cusa takarda a sauran gurbin. Nauyin nan na ciki shi zai hana ta tuntsurewa in an bugi tebur.

Yanzu lissafi, domin a nan kuɗi ke zurarewa. In kowace alawa faɗinta santimita biyu da rabi ne, layin ƙasa zai ci kamar guda 17, layuka kuma za su kai 12 kafin ki kai tsini, kowanne yana raguwa. Jimla wajen guda 110 ke nan. Ki tanadi 130 saboda masu fashewa da cike gurbi, da kuma hannun yara. Kin ga da kin san wannan tun farko, da kin san abin da za ki caji mai kaya.

Me za a jera? Abin da kika iya, wanda kuma zafi ba ya yi masa komai: tuwon madara da aka yanka daidai wa daida, gullisuwa, kantun riɗi, kantun gyaɗa, kwakumeti da aka dunƙula, ƙananan biskit, da dabinon da aka cire wa ƙwallo. Ki guji daƙuwa domin tana da maiƙo kuma tana marmashewa, gam ba ya kama maiƙo. Alkaki da nakiya sun yi nauyi da danshi, su a kewaye gindin bishiyar da su a kan faranti. In mai kaya ta nace sai da cakulan, ki sa 'yan kaɗan masu takarda a matsayin ado, a ranar da za a ci.

Gam ɗin kuwa shi ne aisin mai tauri irin na kek ɗin biki. Farin ƙwai biyu, garin sukari mai laushi giram 500, da ƙaramin cokali ɗaya na ruwan lemon tsami. Ki tankaɗe garin, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina bugawa, har sai in kin ɗaga cokali ya tsaya da tsini bai kwanta ba. Ki ɗiga koriyar kalar abinci, domin duk inda rata ta bayyana a ga kore kamar ganye. Ki rufe kwanon da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, saboda iskar hunturu tana busar da shi nan da nan. Amma fa a kula: ɗanyen ƙwai yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da amai, wadda ta fi yi wa ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi illa. In kina samun garin farin ƙwai a shagon masu kayan kek, shi ya fi, a dama shi da ruwa bisa ga abin da aka rubuta a jiki. In babu, ki kwaɓa garin sukarin da ruwan lemon tsami zalla, ya yi kauri ƙwarai. Bai kai wancan ƙarfi ba, sai ki ƙara haƙuri wajen jira.

Ki fara daga ƙasa. Ki shafa aisin a gindin mazurari faɗin yatsu biyu, ki jera layin farko yana zaune a kan faranti sosai. Ki dakata kamar minti goma ya kama. Layi na biyu kowace alawa ta zauna a tsakanin biyu na ƙasa. Bayan kowane layi uku ki huta, ki bar shi ya sha iska. Gaggawa ce ke rushe wannan aiki, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Kina iya yin layin fari, layin ja, layin ruwan ƙasa, ko ki karkata launi ɗaya ya riƙa hawa yana zagayawa. A tsini ki kafa tauraron biskit, wanda za ki yanka da wuƙa ki gasa tun jiya. Ki barbaɗa gogaggiyar kwakwa busasshiya a matsayin ƙanƙara, sa'an nan ki bar ta ta kwana.

In kuwa minti mai takarda za ki yi amfani da shi, aisin ba ya kama leda. Sai ki ɗauki zare mai ƙwari ki riƙa ɗaure wutsiyar kowace takarda, ɗaya kusa da ɗaya, har ki sami dogon carbi. Ki naɗa shi a jikin mazurari daga ƙasa zuwa sama, kina kama shi da salatif nan da can, kowane zagaye yana rufe ɗaurin na ƙasansa. Wannan ita ta fi sauƙi, ta fi jure ƙura, kuma takan yi makonni ba ta lalace ba.

Hanya ta biyu ita ce ta mutanen Napoli, wadda ake cinye ta ƙaf, kuma ita muka fi ba ki shawara domin jarinta kaɗan ne. Fulawa giram 500, ƙwai 4, bota babban cokali 4, sukari babban cokali 3, ɗan gishiri, da gogaggen ɓawon lemon zaƙi guda. Ki kwaɓa ya yi tauri kamar na cincin, ki rufe ya huta rabin awa. Ki murza shi dogo-dogo kamar kaurin ɗan yatsa, ki yanka ƙanana, ki mulmula su kamar girman gujiya. Ki soya kaɗan-kaɗan a mai mai zafi har su yi ruwan zinariya, ki tsame a matsami, ki baza a takarda su tsane sarai su huce. Wannan mataki kada ki raina shi, domin cincin mai maiƙo ba ya riƙe zuma.

Sai ki zuba zuma giram 300 da sukari giram 100 a faffaɗar tukunya, a wuta kaɗan, har sukarin ya narke ya fara kumfa, ki bar shi minti biyu ko uku. Ki sauke, ki juye cincin ɗin, ki juya har kowanne ya sha. Ki jira ya ɗan huce yadda hannu zai iya taɓawa, ki jiƙa hannuwanki da ruwan sanyi, ki fara tarawa a faranti, faɗi a ƙasa kina matsewa kina hawa. In kina son tsawo, ki kifa ƙaramin kofin gilashi a tsakiya ki gina a kansa, amma ki gaya wa mai kaya yana ciki. Tun tana da danshi ki watsa mata 'yan ƙananan alawa masu launi irin na kan kek, da gutsattsarin dabino da soyayyen riɗi. Irin wannan takan tsaya lafiya a tsayin santimita 20 zuwa 25, kuma takan yi kwana uku ko huɗu a rufe ba ta canza ba.

Akwai masu son ta fi haka tsawo da ƙyalli, irin ta Faransawa. Su narkakken sukari ne gam ɗinsu: sukari giram 300, ruwa babban cokali 6, da 'yan ɗigon lemon tsami. Da ya tafasa a daina juyawa, in ba haka ba zai koma gari. Ana gwadawa da ɗiga shi a ruwan sanyi. In ya dunƙule da laushi, bai kai ba. In ya karye ƙas kamar gilashi, ya kai wajen digiri 150. In ya fara launin zuma, ya haura 160, sai a sauke a tsoma gindin tukunyar a ruwan sanyi domin kada ya ƙone ya yi ɗaci. A nan mu 'yan Arewa mun yi sa'a. Sukari yana jan danshin iska, shi ya sa a garuruwan bakin teku irin wannan hasumiya takan fara naso cikin 'yan awoyi, amma a busasshiyar iskar hunturu takan tsaya ƙyam. Sai dai kada a sa ta a firji, domin danshin ciki zai narkar da ita.

Uwargida, a nan sai mun ja kunne. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, ruwa a digiri 100 yake tafasa, sa'an nan shi sukari in ya zuba a fata mannewa yake yi. Ki kori yara daga madafa, kada ki yi da goyo a baya, ki ajiye kwanon ruwan sanyi kusa da hannunki, ki riƙa tsoma cincin da cokali mai yatsu. In tsautsayi ya auku, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20. Kada a shafa man ja, ko man goge baki, ko ƙwai. In ƙunar tana da faɗi ko a fuska take, a tafi asibiti.

Sauran abokan gaba su ne ƙura da kiyashi. Ki kifa mata babban bokiti mai tsabta ko kwando da aka lulluɓe da mayafi, yadda ba zai taɓa ta ba. Ki ɗora farantin a kan kofi, kofin kuma a cikin tire mai ruwa, kiyashi ba ya ƙetare ruwa. Wajen kaiwa kuma, kada ki hau babur da ita. Ki gina ta a kan farantin da za a ajiye ta, ki manna gindin da aisin, ki sa a kwali mai zurfi, ki riƙe a cinya a cikin mota, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ki tafi da ɗan aisin a ƙullin leda da 'yan alawa goma na gyara. In gidan da nisa, gara ki je can ki ƙarasa layukan sama.

Ga kuma saƙo da za ki isar wa mai kaya. Wasu sukan soke alawa da tsinken sakace a jikin farin soson nan da ake samu a kwalin rediyo. Inda akwai ƙananan yara a guji wannan, tsinke yana iya makalewa a maƙogwaro, soson kuma ba abin ci ba ne. Yaron da bai kai shekara biyar ba kada a ba shi alawa mai tauri mai siffar ƙwallo, ko gyaɗa guda-guda, saboda shaƙewa. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa ba a ba shi zuma sam, ko an dafa ta, domin takan ɗauki ƙwayar wata cuta mai shanye jiki da hanjin jariri bai iya yaƙa ba. A kuma gaya wa baƙi akwai gyaɗa da riɗi a ciki, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓa. Game da yawan ci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum zai sha a rana kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincinsa, watau kamar giram 50, ƙaramin cokali 12 ke nan, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Bishiya ɗaya ta gida guda ce da maƙwabta, a ci a raba. Surukan da ke da ciwon sukari kuma a yi musu 'yar ƙarama ta 'ya'yan itace: a fere abarba a sassaƙe ta ta yi tsini, a jera mata yankan gwanda da kankana da lemo, a ci a ranar, su ma ɗin a ɗanɗana daidai wa daida.

Daga ƙarshe, maganar kunya da kika yi. Shawararmu ita ce tun yau ki je wurin wannan baiwar Allah ki gaya mata gaskiya: kin gwada ta cakulan, yanayinmu bai karɓe ta ba, ga abin da za ki yi mata a madadinta. Ki yi 'yar ƙarama ta gwaji, mai tsayin tafin hannu, da ragowar fulawar da kike da ita, ki kai mata ta gani ta ɗanɗana. Wanda ya ga abu da idonsa ya fi saurin yarda, kuma gara ta ji daga bakinki yau da ta gani a tebur ran Kirsimeti a gaban surukai. Nan gaba kuma, in za ki yanka farashi, ki ƙirga alawa, ki ƙirga mai da gawayi da kuɗin mota, ki sa ladan wuni guda na aikinki, domin wuni guda za ta ci miki.

Kada kuma ki ɗauka sana'ar ta ƙare ran 25 ga Disamba. In kika cire tauraro da koren launi, abin da ya rage hasumiyar kayan zaƙi ce, irin wadda Faransawa ke kaiwa biki. Mu da muke jera alkaki da dubulan da nakiya a kayan gara, ai ba baƙon abu ba ne a gare mu a ga cincin ya yi tsiri a tebur ranar suna, ko walima, ko Sallah. Wataƙila wannan asara da kika yi ita ce kuɗin makarantar wata sabuwar hanyar samu. Muna roƙon ki sake rubuto mana bayan biki ki gaya mana yadda ta kaya, domin sauran mata masu sauraro su ƙaru. Allah ya sa albarka a sana'a, ya raya marayu.

To, jama'a, a nan za mu dasa aya, domin lokaci ya yi halinsa. Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba suna nan a ajiye, a ƙara haƙuri. 'Yan'uwanmu Kirista muna yi muku barka da Kirsimeti, Allah ya sa a yi biki lafiya a gama lafiya, ya ba mu zaman lafiya da juna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.